Babi na Shida: Injin Niƙa na Rafin Dogue da Hannuwan da Ya Ratsa

Kimanin kilomita huɗu da rabi yamma da gidan Mount Vernon, a jihar Virginia ta Amurka, akwai wani rafi da ake kira Dogue, wanda ke gangarowa a hankali ya faɗa kogin Potomac. Rafi ne mai wuyar sha'ani. In an yi ruwan sama da yawa ya cika ya tumbatsa, in zafi ya tsananta ya janye, in hunturu ya kankama ya daskare. A bakinsa George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya gina injin niƙa mai aiki da ƙarfin ruwa tsakanin 1770 da 1771. Ginin da mai ziyara yake gani a yau sabuntawa ce da aka yi a 1933 a kan tsohon harsashin, domin na asalin ya daɗe da rushewa. Tarihin wannan wuri ya cancanci babi guda saboda ya nuna ƙarara cewa mallakar injin niƙa ta wuce riƙe takardar fili. Sai mutum ya mallaki ruwan da zai juya shi, da ilimin sarrafa shi, da hannuwan da za su yi masa hidima, kuma kowane mai shi da ya zo ya sami waɗansu daga cikin ukun ya rasa waɗansu.

Mutanen farko da suka zauna a wannan gaɓa su ne Doeg, 'yan asalin ƙasar, manoman masara kuma masunta, kuma daga gare su rafin ya gaji sunansa. Turawan Ingila da suka zo suka yi ta matsa musu har suka watse daga yankin. A 1674 aka rubuta takardar da ta ba John Washington, kakan mahaifin George, da abokinsa Nicholas Spencer eka 5,000 a wurin. Takardar ta fito daga hannun wani basaraken Ingila, Lord Culpeper, wanda ke riƙe da yankin da izinin sarkinsu. Da aka raba filin tsakanin gidajen biyu, ɓangaren da ke gefen Dogue ya faɗa wa zuriyar Spencer, su Washington kuma suka shafe shekaru suna sayensa gutsure-gutsure. Augustine, mahaifin George, ya kafa ɗan ƙaramin injin niƙa a kan rafin a shekarun 1730. Ya rasu a 1743, gandun ya koma hannun babban ɗansa Lawrence, wanda shi ma ya rasu a 1752. George ya karɓi hayar wurin daga matar yayan nasa a 1754, sannan ya zama mai shi ɗungurungum a 1761 bayan rasuwarta.

Abin da ya gada gandun taba ne, kamar na sauran manyan manoman Virginia. Tsarin kuwa na cin bashi ne tun daga tushe. Manomi ya noma taba ya loda ta a jirgi zuwa Landan, dillalinsa na can ya sayar a farashin da ya ga dama, ya cire ladansa da kuɗin jirgi da haraji, sannan ya sayo wa manomin tufafi da kayan gida da kayan aiki ya aiko masa, ya rubuta ragowar a matsayin bashi. Ga shi kuma taba tana cinye ƙarfin ƙasa cikin 'yan shekaru, ƙasar Mount Vernon kuwa da ma laka ce mai tauri wadda ba ta ba da taba mai daraja. Zuwa 1764 bashin da dillalinsa na Landan, kamfanin Robert Cary, ke bin sa ya kai wajen fam 1,800. Washington mutum ne mai riƙe lissafi da hannunsa, ya duba ya ga hanyar ba mai ɓullewa ba ce. Daga wajen 1766 ya daina noman taba a gonakinsa na Potomac ya koma alkama.

Alkama tana da fa'idar da taba ba ta da ita: ana iya sayar da ita a nan gida, a garin Alexandria da ke kusa, ba sai an bi ta hannun Landan ba. Amma wanda ya sayar da tsabar alkama ya bar wa mai niƙa kaso mafi tsoka na ribar. Wannan lissafin ne ya haifi sabon injin. Tsohon na mahaifinsa ya tsufa, kuma da ma an yi shi ne don biyan buƙatar gida. Washington yana son na kasuwa, mai fitar da fulawar da za ta shiga jirgi ta ƙetare teku ba ta lalace ba. Ya ɗauko wani gwanin haɗa injuna mai suna John Ball, aka yi ginin da dutse, hawa-hawa, a daidai inda kwalekwale zai iya shigowa daga Potomac ya ɗauki kaya. Ya kuma nemo mai niƙa daga Pennsylvania, yankin da ya fi ko'ina shahara da wannan sana'a a lokacin, wani mai suna William Roberts.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki, don ta haka zai gane dalilin da ya sa rafi ɗan ƙarami ya hana babban mutum barci. Ana datse rafin can sama, a haƙa masa doguwar hanya da za ta riƙe ruwan a tudu yayin da rafin kansa ke gangarawa ƙasa. In ruwan ya iso ginin yana sama da wani ƙaton wili na katako mai tsayin ƙafa 16, kusan mita biyar, wanda aka jera wa aljifai a kewayensa. Ruwan ya zubo cikin aljifan daga sama, nauyinsa ya rinjayi gefe ɗaya, wilin ya juya. Nauyin ruwan ne ke aikin fiye da gudunsa, shi ya sa kowane taƙi na tudu yake da daraja. Daga wilin, wani gungumen itace ya miƙa juyin ga jerin wilaye masu haƙoran katako, waɗanda ke mai da juyin tsaye ya koma na kwance, su kuma ninka saurinsa, har ya kai ga dutsen niƙa na sama. Na ƙasa a kafe yake, ba ya motsi.

Duwatsun kashi biyu ne. Na masara an kawo su daga Jamus, irin waɗanda ake kira duwatsun Kolon. Na alkama kuwa daga Faransa suke, kuma su ne abin alfaharin kowane injin kasuwa a wancan zamani. Ba a samun su a dunƙule. Gutsattsarin wani dutse ne mai tsananin tauri da ƙananan ramuka, a sassaƙe su a haɗa su kamar gini, a ɗaure da zoben ƙarfe. Amfaninsu shi ne suna ɓare fatar alkama a fele-fele maimakon su murƙushe ta, don haka dusa ta fita da sauƙi a wajen tankaɗe, gari ya fito fari tas. Dutsen sama da na ƙasa ba sa taɓa juna. Tsakaninsu akwai 'yar tazara da mai niƙa ke daidaitawa gwargwadon abin da yatsunsa suka ji a garin da ke fitowa, kuma a fuskarsu an tsaga layuka masu yanka tsabar su tura ta waje. In sun dakushe dole a ɗaga na sama a kifar da shi a bi layukan da ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin an koɗa dutsen niƙa a tsakar gida ya san aikin, sai dai wannan dutsen ya haura tan guda, kuma kuskure kaɗan zai sa garin ya ƙone ko ya fito da tsakuwa.

Garin da ya fito daga dutse da ɗumi yake fitowa, da ɗan laima. In aka tankaɗe shi a haka sai ya toshe rariyar, in aka ɗura shi a haka sai ya yi tsami a hanya. Don haka a ɗauke shi a buhu ko a baho a hau da shi saman bene, a baza a ƙasa, yaro ya yi ta jan sa da manjagara har ya huce. Daga nan ya bi ta doguwar rariyar yadi mai juyawa, wadda ke raba shi daraja-daraja: mafi laushi na fitarwa waje, mai bi masa, tsaki, da dusa ta dabbobi. Sai a ɗura fulawar a gangunan katako, kowace tana ɗaukar kimanin kilo 89. Masu haɗa gangunan suna da rumfarsu a nan gefen injin. A 1772 Washington ya yi wa tambarinsa rajista a kotun gundumar Fairfax, aka riƙa buga G. Washington a jikin kowace ganga. A ranar da ruwa ya wadata, injin na iya fitar da tsakanin kilo 2,300 da 3,600 na fulawa da garin masara.

Matsalar ita ce ranakun da ruwa ke wadata ba su da yawa. Nan ne rafin Dogue ya nuna wa mai shi iyakarsa. Wasiƙun Washington ga masu kula da gandunsa cike suke da zancen ruwa: ya yi kaɗan, hanyarsa ta fashe, dabbobin rami sun huda bangonta, ambaliya ta share datsiyar, ƙanƙara ta tsai da wilin. Ya sa aka karkato wani ƙaramin rafi mai suna Piney aka haɗa shi da Dogue don ƙarin ruwa, aka yi ta haƙa da sake haƙa, amma har ya rasu injin yakan shafe watanni a kowace shekara yana tsaye ko yana aiki rabi-rabi. Kuma lokacin da ruwa ke janyewa shi ne bayan girbin alkama, daidai sa'ad da aka fi buƙatarsa. A ganina wannan shi ne babban aibin wurin tun ranar da aka zaɓe shi. Washington ya jure masa ne saboda yana da abin da wani ba shi da shi, wato ɗaruruwan mutane da zai iya turawa su yashe hanyar ruwa cikin sanyi ba tare da ya biya su ko sisi ba.

Injin yana da fuska biyu. Ta kasuwa ita ce sayen alkama daga maƙwabta a haɗa da ta gandu, a niƙa a sayar a Alexandria, ko a tura tsibiran Karibiyan da kudancin Turai. Wannan ciniki yana da haɗarinsa. A 1772 ya damƙa wa wani wakili fulawa zuwa Jamaika, mutumin ya sayar ya riƙe kuɗin, Washington ya sha wahalar bin sawunsa. Fuska ta biyu ita ce ta ƙauye. Ƙaramin manomi ya kawo masararsa ko alkamarsa a niƙa masa, ladan niƙa kuwa ba kuɗi ba ne, kashi ɗaya ne cikin takwas na hatsin da ya kawo. A ƙauyukan Amurka na wancan lokaci doka ce ke ƙayyade wannan lada, domin hukuma ta san mai injin ya riƙe wuyan jama'a: ba kowa ke da rafi ba, ba kowa ke da ikon datse shi ba, kuma mai buhun masara ba zai yi tafiyar kwana biyu neman wani injin ba. Saboda haka ko da injin na mutum ɗaya ne, ana ɗaukarsa tamkar abin amfanin gari.

Yaƙin neman 'yancin Amurka ya raba Washington da gida daga 1775 zuwa 1783, ɗan'uwansa Lund Washington ne ya riƙe gandun. Da ya dawo ya tarar da injin ya jigata. Roberts kuma, duk da gwanintarsa da ubangidan nasa ya sha yabawa, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, har aka rabu da shi a 1785 aka ɗauko Joseph Davenport.

A daidai wannan lokaci, a jihar Delaware, wani matashi mai suna Oliver Evans, haifaffen 1755, yana nazarin wahalar da ke cikin niƙa. Ya lura cewa ruwa na juya dutse kawai, amma duk sauran aikin, ɗaukar hatsi sama, sauko da shi, hawa da gari, baza shi, tattara shi, a bayan mutane yake, kuma a kowane mataki ƙura da ƙasar takalmi na shiga cikin abincin. Ya tambayi kansa me zai hana wilin nan guda ya yi dukkan ɗaukar. Sai ya ƙera ɗamara mai jere da ƙananan gugaye da ke kwasar hatsi daga ƙasa ta kai shi ƙololuwar gini. Ya ƙera wani dogon sanda mai murɗaɗɗen fiffike da ke tura gari a kwance cikin kwami. Ya ƙera manjagara mai juya kanta, wadda ke baza gari ta shanya shi ta kuma tura shi sannu a hankali zuwa ramin rariya, ta maye gurbin yaron nan. Da aka haɗa su, hatsi na shiga ta gefe ɗaya ya fito ta ɗaya gefen a matsayin fulawa ba tare da hannu ya taɓa shi ba. Masana tarihin masana'antu da dama suna lissafa wannan cikin tsare-tsare na farko a duniya na masana'anta mai tafiyar da kanta.

A 1790 Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin ƙirƙira, kuma takarda ta uku da aka bayar a ƙarƙashinta ta Evans ce, a watan Disamba na shekarar. Shugaban ƙasa ne ke sa hannu a irin waɗannan takardu a lokacin, shugaban kuwa Washington ne. Shekara ta gaba, 1791, ya biya kuɗin izini kamar kowane mai injin, aka kafa masa tsarin a Dogue. Wannan ya cancanci yabo, domin masu injuna da yawa a ƙasar sun kwafi ƙirar Evans ba tare da sun biya shi ba, har mutumin ya shafe shekaru yana jele a kotuna. Shugaban da ya rattaba hannu a dokar ya nuna cewa shi ma ta hau kansa. Daga nan injin ya zama yana da wani mai haƙƙi a cikinsa wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na filin.

Sai dai mutumin da ya girmama haƙƙin Evans a kan tunaninsa shi ne kuma yake riƙe da mutane a matsayin dukiya, kuma ba za a ba da tarihin wannan injin da gaskiya ba in aka tsallake wannan. Bayi ne suka haƙa hanyar ruwan, su suka noma alkamar suka girbe ta suka sussuke, su suka haɗa gangunan, su suka tuƙa kwalekwalen zuwa Alexandria. Cikinsu akwai wani mai suna Ben da ya ƙware a niƙa ya yi aiki tare da Turawan da ake biya albashi. A lissafin da Washington ya yi da hannunsa a 1799, bayi 317 ne a gonaki biyar na gandun mai eka wajen 8,000. Abincin da ake auna wa babba a rana shi ne garin masara kusan lita guda da ɗan kifi mai gishiri. Wato duwatsun Jamus suna niƙa wa bayi abin da za su ci su rayu, na Faransa kuma suna niƙa abin da guminsu ya samar don teburin wasu. Kasuwar fulawar ma, tsibiran Karibiyan, gonakin rake ne da ke tafiya da jinin 'yan Afirka. A 1766, shekarar da ya juya ga alkama, Washington ya sa wani bawa mai suna Tom a jirgi zuwa can don a sayar da shi saboda yana yawan gudu, ya nemi a sayo masa kayan zaƙi da barasa da lemun tsami da kuɗin. A jerin sunayen bayin gandun na 1774 akwai mace mai suna Fatimer da wata ƙaramar Fatimer, abin da ya sa masu binciken tarihin gidan ke ganin akwai Musulmin Afirka ta Yamma a cikinsu.

A 1797 ya ɗauki wani ɗan Sikotilan, James Anderson, a matsayin mai kula da gandu. Shi ne ya ba shi shawarar cewa tunda ga injin niƙa, ga hatsi, ga ruwa, a kafa wurin dafa barasa a gefe. Aka gina shi da tukwanen tagulla biyar, kuma a 1799 ya fitar da kusan galan 11,000 na wuski, wanda ya sa shi cikin mafiya girma a ƙasar. Bayi shida ne ke aikin: Hanson, Peter, Nat, Daniel, James da Timothy. Dusar da ta rage aka riƙa kiwon aladu da ita. A shekarun ƙarshe na rayuwar mai gidan, wannan sana'a ta zama ɗaya daga cikin mafi kawo masa kuɗi.

Washington ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1799, ba shi da ɗan kansa. A wasiyyarsa ya ba Lawrence Lewis, ɗan ƙanwarsa Betty, da matarsa Nelly Custis, jikar uwargidansa Martha, eka wajen 2,000 haɗe da injin niƙa da wurin dafa barasa. A wannan wasiyyar ya ce a 'yanta bayinsa na kansa, su 123, bayan rasuwar Martha, ita kuwa ba ta jira ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu, 1801. Amma akwai wasu 153 da suke gadon mijinta na farko, Daniel Parke Custis, waɗanda doka ba ta ba shi ko ita ikon 'yantawa ba. Da ta rasu a 1802 aka rarraba su tsakanin jikokinta. Da yake kashi biyun sun daɗe suna auratayya, wannan rabon ya raba miji da mata, ya raba uwa da 'ya'ya. Wasiyyar da ake yawan yabawa tana da wannan ɗaci a cikinta, kuma ya dace a faɗe su tare.

Lewis ya gaji gini da duwatsu da injunan Evans, amma bai gaji gandun da ke ciyar da su ba, domin an yayyanka shi tsakanin magada. Ya gina katafaren gida mai suna Woodlawn a kan tudu yana kallon rafin, ya riƙa ba da hayar injin. Wurin dafa barasar ya ƙone a 1814. Ƙasa ta gaji, noman alkama na ƙaura zuwa yamma, manyan injuna a kan manyan koguna suna fitar da fulawa da arha. Lewis ya rasu a 1839, kuma a 1846 iyalinsa suka sayar da Woodlawn.

Waɗanda suka saya 'yan ɗarikar Kweka ne daga New Jersey da Pennsylvania, Kiristoci masu ƙin yaƙi da bautar da mutane, cikinsu har da iyalan Gillingham da Troth. Buƙatarsu ta farko katako ce, domin dajin wurin na da manyan itatuwan da masu ƙera jiragen ruwa ke nema. Amma sun zo da wata manufa kuma: su nuna cewa ana iya noma a Virginia a ci riba ba tare da bawa ko ɗaya ba. Suka yanka filin ƙananan gonaki suka sayar wa Turawa da baƙaƙen fata 'yantattu, shekara goma sha biyar kafin yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar. Tsohon injin bai shiga lissafinsu ba. Suka mai da hankali ga wani a Accotink da ke kusa, na Dogue kuwa aka rushe shi wajen 1850, aka kwashe duwatsun ginin aka yi wasu gine-gine da su. Ban ga laifinsu ba. Injin da sai an tara gayyar dole kafin ruwa ya iso shi ba zai rayu a hannun mutanen da ke biyan ma'aikaci ladansa ba, kuma abin da suka shuka a wurin ya fi abin da suka rushe daraja.

Shekara tamanin wurin na kango. Da bikin cikar Washington shekara 200 da haihuwa ya zo a 1932, gwamnatin jihar Virginia ta sayi 'yan ekokin da injin ya zauna a kai, aka tono harsashin, aka bi takardunsa da abin da aka samu a ƙasa aka sake ginin, har aka ɗauko kayan ciki daga wani tsohon injin na kusa da garin Front Royal. Aka mai da wurin wajen shaƙatawa na jiha. Jihar ta mallaki siffar injin, amma shekaru da dama ginin na kallo ne kawai.

Mai shi na yanzu ƙungiyar mata ce, wadda ake kira Mount Vernon Ladies' Association. Wata mata daga South Carolina, Ann Pamela Cunningham, ta kafa ta a 1853 don ceton gidan Washington da ke neman zubewa, wanda gwamnatin tarayya da ta jihar Virginia duk suka ƙi saye. Matan suka yi karo-karo a faɗin ƙasar suka tara dala 200,000, suka ƙulla cinikin gidan a 1858, kuma har yau ba sa karɓar kuɗin gwamnati wajen gudanar da shi. A 1997 suka yi yarjejeniya da jihar suka karɓi ragamar injin. Aka shafe shekara biyar ana gyara, aka sassaƙa sabon wili, aka sake haɗa tsarin Evans da katako kamar yadda ya bayyana shi a littafin da ya wallafa a 1795 don masu niƙa, aka buɗe a 2002 yana niƙa da gaske. Wurin dafa barasar ma an sake gina shi a 2007 bayan masu tonon tarihi sun gano harsashinsa, daga bisani kuma jihar ta miƙa wa ƙungiyar mallakar filin gaba ɗaya.

A yau ana juya wilin ne don ɗalibai da baƙi daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ana kuma sayar da garin da ya fito a ƙananan jakunkuna. Ƙungiyar ta yi ƙoƙari a 'yan shekarun nan wajen fito da tarihin bayin gandun daga cikin littattafan lissafin mai gidan, ta tattara sunayensu da sana'o'insu da danginsu. Mai karatun da Allah Ya kai shi wurin, in ya gama kallon wilin da gugayen Evans, ya tambayi mai yi masa jagora labarin Ben da masu haɗa ganga da waɗanda suka haƙa hanyar ruwan.